Tara a Cikin Rigar Sha Huɗu

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Tara ake ce masa, daga lambar da ke bayan rigarsa lokacin da yake buga gaba a ƙungiyar garin, kuma har matarsa, in dai ba a gaban baƙi ba, haka take kiransa. Shi kuwa Tela yake ce mata. A kan keken ɗinkinta ya fara ganin ta, domin ita ce ke ɗinka wa 'yan ƙungiyar lambobi a bayan riguna, zamanin da lamba ƙyalle ce da ake yankawa da almakashi a ɗora a bi da zare.

Shekara goma sha ɗaya ya yi yana zura ƙwallo a raga. Ya je wata ƙasa mai sanyi ya buga kaka guda, ya dawo yana cewa can ko ƙwallon ma rawar ɗari take yi. An kira shi tawagar ƙasa sau ɗaya, aka sa shi minti ashirin. Daga nan gwiwar dama ta ce ta gaji, ya buɗe shagon gyaran kekuna a bakin titi, ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana ɗaure sarƙa da liƙin taya. Shahararsa kuwa, mu faɗi gaskiya, ba ta da dogon zango. Ka shiga mota ka yi tafiyar awa biyu ka sauka ka ce Tara, sai a tambaye ka tara na me. Amma a cikin garin, mai aski yana da hotonsa na kalanda da ya koɗe a saman madubi, direbobi suna danna masa hon in sun zo wucewa, kuma dattawan da suka gan shi da idonsu, in suna ba da labarinsa, sai ka ji sun rage murya.

Ba shi da gudu, ba shi da tsayi, ba ya yanka mutane da ƙwallo. Yawo yake a fili kamar wanda aka aika kasuwa bai so ba. Mai tsaron baya ya yi ta bin sa har ya raina shi ya kau da kai, kafin ya waiwayo an ci su. Ya taɓa gaya wa Tela cewa shi ba ya kallon ƙwallo, ai ta san hanya. Ƙafar da mai tsaronsa ya dogara a kanta yake kallo, da mutumin ya sauke nauyinsa a kanta, shi kuma ya bi ta ɗaya gefen. Taɓawa ɗaya yake yi, in abin ya yi tsanani biyu.

Sai kuma ɗabi'arsa da ba wanda ya taya shi. In ya ci, ba ya gudu, ba ya tsalle, ba ya cire riga. Raga yake shiga ya ɗauko ƙwallon, ya goge ta a cikinsa, ya miƙa wa golan da hannu biyu. Koci ya yi faɗa har ya gaji, abokan wasa suka yi ta tsokanarsa wai ya je ba da haƙuri. Dalilin kuwa, tun yana ƙarami gola ya fara yi, kuma ya ce duk duniya bai san abin da ya kai sunkuyawa ka ɗauko ƙwallo daga ragarka ɗaci ba, ga dubban mutane suna kallon bayanka. Ya ce tunda shi ya jawo wa mutum, shi zai sunkuya.

To, abin da ya hana Tela sakat a bana shi ne wani hoto. Ƙungiyar ta gina sabon zaure a jikin filin wasa, za a jera kofuna da hotunan da, kuma a bangon tsakiya za a kafa babban hoton ƙwallon da ta kawo musu kofin ƙasa, kofi ɗaya tilo da suka taɓa ɗauka. Tara ne ya ci ƙwallon. Amma sunan wani daban za a rubuta a ƙasan hoton. Ga shi Tara ya fara mantuwa: ya ajiye sifana ya neme ta a aljihun da babu ita, ya kira jikarsa da sunan uwarta, ran nan ya tsaya a ƙofar gidansa yana sallama yana jiran a ba shi izinin shiga. An rufe shagon tun bara. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce abin gaba zai yi. Ita dai so take a rubuta sunansa a bangon nan tun yana iya gane cewa shi ne.

Ga yadda aka yi sunan ya kuɓuce masa. A babban birni aka buga wasan ƙarshe, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, fili ya zama taɓo. Dab da hutun rabin lokaci wani mai tsaron baya ya damƙi rigar Tara ya keta ta tun daga wuya har ƙugu. Ƙungiyar saitin riguna ɗaya take da shi, ba wata tara ta biyu. Sai koci ya dubi benci ya ce wa wani ɗan wasa da ake kira Siriri ya tuɓe tasa, lamba sha huɗu. Aka gaya wa alƙalin wasa da baki, ya gyaɗa kai, shi ke nan. Ba wanda ya tuna da mai sharhin rediyo da 'yan jarida da ke can sama cikin rumfa, mutanen birni da ba su san fuskar kowa ba, takardar sunaye da lambobi kawai suke bi. Suka ga tara ta ɓace, sha huɗu ta shigo, suka rubuta an yi canji.

Tela tana gida da tsohon ciki, rediyo a kan teburin keke. Da ta ji an ce an cire mijinta sai da ta yi hawaye. Saura minti huɗu a tashi mai sharhi ya fasa ihu yana kiran sunan Siriri, layi ya ɗauki sowa, ita ko motsi ba ta yi ba. Can sai ta ji muryar mutumin ta canza, yana cewa ikon Allah, yaron nan bai yi murna ba, ga shi ya shiga raga, ya ɗauko ƙwallon, yana miƙa wa gola. Ta miƙe da cikinta ta fito ƙofar gida tana gaya wa duk wanda ya gifta cewa mijinta ne. Aka yi ta kallon ta ana tausaya mata.

Washegari jaridu suka fito da sunan Siriri, da hoton da aka ɗauka ta baya: mutum cikin taɓo, sha huɗu ɓaro-ɓaro, ƙwallo tana shiga. Mutanen gari sun ji gaskiya daga bakin 'yan wasa, amma littafin hukumar ƙwallo bai ji ba. Siriri, bawan Allah, ya je ofishin jarida da ƙafarsa har sau biyu, aka ce masa za a gyara. Daga baya ya bar garin, ya rasu a wani wuri. Shi kuwa Tara, duk lokacin da Tela ta tayar da maganar sai ya ce, "Ƙwallon ta shiga?" Ta ce ta shiga. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta sha ƙona mata rai, shekara talatin da biyu tana haɗiye ta.

Ranar wata Litinin ta ciro ketacciyar rigar daga ƙasan akwati, ta sa a leda, ta nufi ofishin ƙungiyar. Sakataren matashi ne mai tabarau, ba a haife shi ba lokacin da aka ci kofin. Yana da ladabi, ya tashi ya ba ta kujera, ya kashe fanka don kada ta dame ta. Ta shimfiɗa rigar a kan teburinsa ta ba shi labari daga farko.

"Mama, na ji wannan maganar a bakin mutane," in ji Sakatare, "kuma wallahi ina so ta zama gaskiya. Amma dubi." Ya buɗe mata kwafin jaridu uku da na littafin hukuma. "Rigar nan ta nuna an keta ta. Ba ta nuna wanda ya ci ba."

"Ni na ɗinka lambobin nan duka biyu, ɗana."

"Ke matarsa ce, Mama. Abokan wasansa da suka rage su ma nasa ne. In na canza suna a kan maganarku, gobe dangin mamacin su zo su ce na yi son kai, me zan ce musu? Ki samo mini mutum ɗaya daga wancan ɓangaren, wanda aka ci, wanda ba abin da zai ƙaru da shi."

Ta fito ranta a ɓace, tana ce masa sarkin takarda a zuci. Amma kafin ta kai gida ta yarda yaron yana da gaskiya, kuma ta san wanda za ta nema. Mutum ɗaya ne ya tsaya gaba da gaba da Tara a wannan daƙiƙar.

Sati biyu tana cigiya, daga mai aski zuwa wani tsohon alƙalin wasa, har aka gano mata golan. Kafinta ne yanzu, a wani gari mai nisan awa biyar. Ta bar Tara a hannun babbar 'yarsu ta shiga motar safe. Ta same shi a rumfarsa yana goge ƙafar kujera, dogo, furfura fat, yatsunsa biyu a karkace irin na wanda ya daɗe yana tare ƙwallo. Da ta faɗi wasan da ya kawo ta, ya ajiye abin hannunsa ya zauna a kan katako.

"Baiwar Allah, kin zo ki tono mini ranar da na fi tsana," in ji Gola, yana ɗan murmushi. "Ba zan yi miki ƙarya ba, ban ga fuskarsa ba. Taɓo ya rufe kowa, ruwa yana shiga idona. Abu biyu na riƙe. Yadda ya buga, da abin da ya ce mini lokacin da ya miƙo ƙwallon. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko matata."

"Me ya ce?"

"A'a. In na gaya miki, shaidata ta lalace. Ki kai ni wurinsa, shi ya faɗa."

Ta ce masa mutumin nan wani lokaci ko abin da ya ci da safe ba ya tunawa. Gola ya dubi yatsunsa, sannan ya ce su dai gwada, a kai shi fili, a ba shi ƙwallo.

Aka sa ranar Asabar da hantsi. Tun a gida ta ga ranar ba tasu ba ce. Tara ya tashi a hargitse, ya tambaye ta sau uku ina za su, ya ƙi sa takalmin roba sai da ta lallaɓa shi. A fili ba kowa sai su huɗu da mai yankan ciyawa can nesa. Tara ya dubi kujerun da babu mutane kamar bai taɓa ganin wurin ba. Gola ya miƙa masa hannu, suka gaisa, Tara ya ce masa, "Malam, kai ne mai gyaran famfon?" Sakatare ya sunkuyar da kai. Tela ta ji kamar ta kama hannun mijinta su koma gida, kunya da tausayi suka rufe ta, ta ce a ranta ita ce ta jawo masa wannan tozarcin.

Gola kuwa da shirinsa ya zo. Kafin su iso ya riga ya rubuta wani abu a takarda ya ninke ya ba Sakatare, ya ce kada ya buɗe tukuna. Ya cire hularsa ya ajiye a gindin ƙarfe, ya shiga tsakiyar raga, ya tofa yawu a tafin hannu ya murza. Sannan ya ce wa Sakatare ya kai ƙwallon gefen dama, ya turo ta ƙasa-ƙasa, kuma ya kira mai yankan ciyawa ya ce ya tsaya a jikin tsohon kamar mai tsaron baya.

Tela ta kai Tara daidai inda Gola ya nuna, ta sake shi, ta ja da baya. Ya tsaya a ranƙwafe, hannuwa a sake, yana kallon wani tsuntsu a kan allon fili. Sai ya fara tafiya. A hankali, yana jan ƙafar dama, yana nisa da raga, kamar wanda ya gaji zai tafi gida. Mai yankan ciyawa ya bi shi taku biyu, ya waiwaya ya dubi Sakatare don ya ji ko a fasa. Tela kuwa ta ga idon mijinta ya sauka daga kan tsuntsu ya koma kan ƙafar mutumin.

Sakatare ya turo ƙwallon. Abin da ya biyo baya, har yau in ta zo ba da labarinsa sai ta rasa ta inda za ta fara. Tsohon da take ɗaura wa igiyar takalmi ya juya a kan ƙafarsa mai ciwo kamar ƙofa a kan ƙarfenta, ya ɓullo ta bayan mai yankan ciyawa, ya bar ƙwallon ta gifta gabansa har Gola ya karkata hagu, sannan ya ɗan shafe ta da bayan ƙafar hagu. Ba ƙarfi, ba ƙara. Ta gangara ta bi jikin ƙarfen dama ta kwanta a raga. Gola ya yi iya ƙoƙarinsa, har da faɗuwa a kan gwiwa, bai ko kusa ba.

Mai yankan ciyawa ya tsaya baki buɗe yana neman ta inda aka wuce shi. Tela kuwa ta ga yau shekara arba'in tana wanke wa mutumin nan kaya tana yi masa faɗan ya bar jiƙaƙƙen tawul a kan gado, ashe wannan abin yana nan kwance a jikinsa, ciwon da ya kwashe sunayen jikokinsa bai iya taɓa shi ba.

Tara ya nufi raga yana ɗingishi. Ya wuce Gola, ya dafa ƙarfe, ya sunkuya da ƙyar, ya ɗauko ƙwallon. Ya goge ta a cikinsa, alhali ko ɗigon taɓo babu. Ya dawo ya tsaya a gaban mutumin da ke durƙushe, ya miƙa masa da hannu biyu.

"Tashi, ɗan'uwa," in ji Tara. "Ba laifinka ba ne. Wannan ko ni ne a ragar sai ta shiga."

Gola ya karɓi ƙwallon ya rungume ta, kafaɗunsa suka fara rawa. Ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro. Sakatare ya ciro takardar daga aljihu ya buɗe, ya karanta, ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya sake karantawa. Ya miƙa wa Tela ba tare da ya dube ta ba. Rubutun kafinta ne, da fensir, manya-manya, kuma kalmomin da Tara ya faɗa ne, ba ragi ba ƙari.

"Mama," in ji Sakatare, "yaya ake rubuta cikakken sunansa?"

A hanyar komawa gida Tara ya tambaye ta ko an gyara famfon. Ta ce an gyara.

Bayan sati uku aka kafa hoton. Sakatare ya sa sunan Tara, a ƙasa kuma da ƙananan haruffa ya ƙara cewa rigar ta Siriri ce, don kada a manta da shi. Tela ba ta jira ranar buɗe zaure ba, ta san hayaniya tana rikita shi. Ta roƙa aka buɗe musu da safe, su biyu. Zauren yana warin sabon fenti, kofin yana cikin gilashi an goge shi. Ta ja shi har gaban bangon tsakiya. Hoton ya fi shi tsayi.

Ya daɗe yana kallo. Ta karanta masa sunan da ke ƙasa a hankali, ta nuna da yatsa, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Zuciyarta ta karye. Ta ce shi ke nan, ta makara, ta yi duk wahalar nan an rubuta wa bango suna, mai sunan ya riga ya tafi. Ta kama hannunsa za su juya, ya ƙi motsi.

Ya ɗaga ɗaya hannun ya taɓa hoton, daidai hammatar mai sha huɗun, inda ƙyallen ya ɗame.

"Tela," ya ce, "rigar yaron nan ta matse ni ranar. Da ƙyar nake numfashi."

Ta buɗe baki za ta ce masa ai a jikin Siriri ta auna ta, sai ta fasa. Ta tsaya a gefensa tana riƙe da hannunsa, hawaye suna zuba, shi kuma yana ta kallon ƙwallonsa tana shiga raga.